Gulbin da Ke Cikin Armuwar

Magaribar wata Talata ce, irin wadda ba ta zuwa da sauƙi. Rana ta faɗi bayan gulbi, amma bangayen Gudel ba su samu labari ba, suna nan suna huci kamar yanzu aka sauke su daga wuta. A tsakar gidan Mutari shofer, 'yarsa Kadi tana bakin murhu tana tuƙa tuwon jar dawar nan ta taimako. Yayanta Hamidu yana cikin ɗaki, durƙushe gaban armuwar, da jiƙaƙƙen buhu a hannunsa yana ɗiga.

Armuwar ɗin babban akwatin katako ne mai ƙofa biyu da kwaɗo. A kansa aka ɗora tele, wannan kowa ya sani. Abin da ke cikinsa ne ba a faɗi: manyeto, na'urar da ke kama abin da tele ta nuna ta adana shi a kaset. Mutari ya sayo shi a bakin teku, inda yake zuwa da babbar mota ɗauko hatsin taimako. Sai da ya iso da shi gida tsoro ya kama shi. Shekarar fari ce, kuma soja ke mulki. Shofer mai jigilar hatsin talakawa, in aka gan shi da irin wannan kaya, tambaya ɗaya za a yi masa, kuma ba a gidansa za a yi masa ita ba. Akwai abokin aikinsa da aka ɗauka tun kaka a kan buhu uku, har yau matarsa tana kai abinci ana maido mata da shi. Don haka ya kulle na'urar, ya fitar da waya ta wata 'yar tsaga a baya, ya ce duk wanda ya bar ƙofar nan a buɗe ba shi ya haife shi ba.

To shi manyeto abu ne mai numfashi. In aka kunna shi a rufe, kafin wani lokaci sai murfinsa ya yi zafi kamar kaskon tuya, hoto ya fara rawa, zaren kaset ya nemi naɗewa. Hamidu ya taɓa zuwa wurin Ɗanjuma mai gyaran rediyo a kasuwa, ya yi tambaya kamar don wani yake yi.

"Ka ce wa mutumin naka ya fasa ramuka a bayan armuwar, ya bar ƙofa a buɗe," in ji Ɗanjuma. "In yana da hali ya sa ƙaramar fanka. Iska kawai yake so, ba tuwo yake ci ba."

Mutari ya ce ko ramin da allura za ta shiga ba za a fasa ba, don kafinta baki gare shi.

Kaset ɗaya ne a gidan. Da sanyin da ya wuce, masu tele suka zo Gudel ɗaukar matan da ke noman rani a bakin gulbi, cikinsu har da Inna Halimatu, uwar Hamidu da Kadi. Minti uku aka nuna ta. Tana tsaye cikin shu, wato kabeji, da ganyen salati, da butar ban ruwa a hannu, gulbi a bayanta cike yana tafiya. Ɗan jaridar ya yi mata tambaya da Faransanci, ta dube shi ta ce, "Ɗana, shu ba ya jin Faransanci, ruwa yake ji." Ta yi dariya har ta kare bakinta da gefen mayafi. Hamidu ne ya danna maɓalli ranar. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Minti ukun nan ne kaɗai inda take motsi a duniya.

Hamidu aji biyar ya yi a lakwal, makarantar boko, ya bari, amma ya ga abin da ke sanyaya ruwa ai zai sanyaya ƙarfe. Sai ya sa ƙaramin tulu a cikin armuwar kusa da na'urar, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa randa. Kullum bayan magariba yakan kulle ɗaki ya ga uwarsa sau ɗaya.

Kadi ta leƙo daga ƙofa, muciya a hannunta. Ita ce ke tashi da asuba ta bi layin pampo don bokiti biyu, kuma tun rasuwar ba ta yarda ta kalli kaset ɗin ba.

"Yaya, ruwan shanmu ka taɓa?"

"Ban taɓa naki ba."

"To na wa?"

"Na gulbi."

"Gulbin da awaki ke tsallakawa?" Ta taɓe baki. "Mutane na mutuwa da ƙishi, kai kana shayar da akwati. Inna ta tafi, Yaya. Ba ta cikin nan."

"Fita."

Gaskiya ya faɗa. Gulbi ya tsinke ya zama yashi da 'yan tafkuna, kuma ƙasa da garkunan Gudel akwai wani baƙin dutse mai kwarmi, inda ruwa na ƙarshe ya maƙale cikin inuwa. Masunta ba sa taɓa shi, in za su wuce sai sun yi sallama. Hamidu ba masunci ba ne. Ya je da tsakar rana sa'adda babu kowa, bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba, ya nutsa tulu har sai da bakinsa ya karci ƙasa. Ya rufe da faifai ya ɗauko.

Yana mayar da kwaɗon armuwar sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban Kadi. Tsakuwa ce irin ta gindin gulbi, mai santsi. Ta ɗauka, sai ta yi sauri ta yar. Jiƙe take sharaf, kuma sanyinta kamar ƙanƙara, a garin da wata takwas ba a ga ɗigon sama ba.

Washegari da magariba uku suka faɗo. Ranar Alhamis ba su ƙirgu ba. Maƙwabta suka fito suna duban rufin gidan, kowa yana tambayar kowa, babu wanda ya ga hannun da ke jifa.

Amma Hamidu murna yake yi a ɓoye, don armuwar ɗin ya yi sanyi. Ba sanyin tulu ba, wani sanyi dabam. Katakon yana zufa kamar jikin randa, in ya buɗe sai iska mai ƙanshin laka da kainuwa ta bugi fuskarsa. Manyeto ya daina zafi. Ya kalli uwarsa sau biyar a jere, hoto bai girgiza ba. Abu ɗaya ne ya lura da shi ya kau da kai: ƙarar gulbin da ke bayan Inna tana ƙaruwa, muryarta tana raguwa. Ranar Alhamis ɗin da la'asar aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwar duka, Kadi tana shara, ta ji ruwa yana gudu a cikin ɗaki. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ƙarƙashin ƙarar ruwan akwai wata murya, ba ta Inna ba, tana gunaguni kamar tsohuwa mai lallashin kanta.

Ta gaya masa. Ya ce ƙarya take yi don tana baƙin ciki da shi.

Ranar Juma'a pampo bai kawo ba. Kadi ta tsaya a layi tun asuba har hantsi, ta dawo da bokiti a bushe. Hamidu ya tafi masallaci da makulli rataye a wuyansa. Ta dubi tukunya, ta dubi garin dawa, ta dubi ƙofar ɗaki, katakon armuwar yana ta ɗigar da ruwa a ƙasa. Sai ta ɗauko taɓarya. Bugu biyu kwaɗon ya fita. Ta ɗauko tulun, ga shi cike fal kamar ba a taɓa shi ba, ta kai bakin murhu ta juye a tukunyar da ta riga ta yi ja a kan wuta.

Maƙwabta suka ce ƙarar da suka ji ba ta ruwa a zazzafan ƙarfe ba ce. Suka ce kuka ne.

Da Hamidu ya dawo ya tarar da tukunya a bushe ƙaf, ƙanwarsa kuma ba ta tsakar gida. A cikin armuwar ya same ta. Ta naɗe jikinta a wurin da tulu yake, wurin da ko ɗan akuya ba zai shiga da daɗi ba, gwiwoyinta a haɓarta, tana riƙe da ƙofar daga ciki. Da ya taɓa hannunta sai ya janye. Jikinta zafi kamar murfin manyeto.

"Kadi."

Ta buɗe ido. Idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Rufe," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Rufe, ɓarawo."

A yammacin nan Mutari ya dawo daga tafiya. Ya tarar da mutane cike da ƙofar gidansa, tsakuwa tana sauka a kwano kamar ana sheƙar gero. Ya shiga, ya ga kwaɗo a karye, ya ga 'yarsa. Abin da ya fara yi shi ne ya sakaya ƙofar ɗaki. Sannan ya juyo ya ɗauke Hamidu da mari.

"Ka tara mini gari. Gobe jandarma za su zo kallon aljani su tafi da ni."

"Baba, Kadi fa..."

"Kai ka jawo. Kai da gawar da kake tonowa kullum magariba."

"Kai ka ce a kulle shi."

Suka tsaya suna kallon juna kamar baƙi biyu da suka haɗu a kan hanya mara faɗi. Kwana biyu Mutari ya hana a kira kowa. Ya ce zazzaɓi ne. Duk ruwan da aka ɗura mata sai ya fito ta fatarta kamar tururi, leɓɓanta suka tsage, in aka ciro ta daga armuwar sai ta koma da rarrafe. A rana ta uku harshenta ya fara baƙi. Hamidu bai nemi izini ba, ya ratsa yashin gulbi da ƙafa zuwa Lamorde, ya je gidan wani malami, Alfa Idrisa.

Alfa Idrisa tsoho ne siriri, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce amma karatunsa mai zurfi. Ya taho da 'yar jakar fata da tasbaha, suka iso dab da magariba. Mutari ya tare shi a ƙofar ɗaki.

"Alfa, abin da za ka gani a ciki..."

"Shofer, ni 'yarka na zo gani. Matsa."

Ya zauna a tabarma gaban armuwar, ya sa garwashi a kasko ya barbaɗa turare. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, kamar mai zance da wanda ke kusa. Ɗakin ya yi shiru. Jifan da ke kan kwano ya tsaya. Hayaƙi bai tashi sama ba, sai ya kwanta ya bi ƙasa ya shige cikin armuwar. Can sai ƙofar ta buɗe da kanta, Kadi ta fito ta zauna, ta miƙe ƙafafu kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

"Ya isa, tsoho. Ka ƙona ni, sun ƙona ni, kowa sai ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Mai kwarmin dutse. Tun kakanka bai iya tsarki ba nake can."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi." Hannun Kadi ya ɗago ya nuna Hamidu. "Gulbi ya tafi ya bar mu. 'Yan'uwana duk sun bi shi, ni na tsufa, na zauna a ɗan abin da ya rage. Wannan ya zo da rana tsaka, ba sallama, ya kwashe ni kamar kwaɗo ya rufe da faifai. Na yi jifa don a mayar da ni, ba wanda ya gane. Sai na ce to, akwai duhu, akwai laima, bari in zauna. Na ma sanyaya masa ƙarfensa. Sai wannan ta zuba ni a wuta."

"Ba ta sani ba."

"Wutar ta sani."

Alfa ya ƙara turare. "Za ki fita daga jikinta."

"In je ina? Jikinta akwai ruwa. Zan sha har ya ƙare. Saura kwana ɗaya."

Mutari ya durƙusa. "Ki ɗauki armuwar ɗin. Ki ɗauki na'urar. Zan yanka rago."

Ta juya ta dube shi, ta yi wata dariya busasshiya. "Kai mai tsoron kafinta, yi shiru. Me zan yi da jini? Jini ɗumi gare shi."

"Za a mayar da ke kwarminki," in ji Alfa, "a cika shi da ruwa."

"Ya bushe jiya. In kun zuba, rana za ta shanye kafin la'asar. Ni ruwan da ba ya bushewa nake so."

"Bana babu irinsa a ƙasar nan."

"Akwai." Kan Kadi ya juya a hankali zuwa ga manyeto. "Akwai gulbi a cikin baƙin abin nan. Na gan shi kullum magariba. Cike yake, yana tafiya, ga dutsena can a gefe ruwa ya kai masa wuya. In ya ƙare sai yaron ya mayar da shi farko, ya sake tafiya. Wata mata tana tsaye a gaba tana tare mini, tana ta surutu a kan ganye, amma ba komai. Ku ba ni gulbin, in bar muku yarinyar."

Sai a lokacin Hamidu ya gane. Duk kwanakin nan su biyu ne ke kallo, shi yana kallon gaba, ita tana kallon baya.

"A'a," ya ce. Muryarsa ta fito ƙarama. "Alfa, ka yi mata karatu ta fita. Ai aikinka ke nan."

Alfa bai dube shi ba. "Zan iya. Sai dai kafin ta ƙone, yarinyar ta riga ta. Kai ka ɗauko ta daga gidanta, kai za ka sallame ta."

"Ita ke nan gare ni. Babu wani hoto. Babu..."

"Ba ni shi, ɓarawo," in ji muryar. "Ko ka riƙe, gobe ka samu mata biyu da za ka yi kuka a kansu, ɗaya ma ba ta cikin akwati."

Hamidu ya dubi ƙanwarsa. A gefen wuyanta wata jijiya tana bugawa da sauri-sauri kamar ta tsuntsun da aka kama. Ya tuna hannun nan ne ya ɗauko bokiti biyu kowace asuba tun ranar da aka binne Inna, bai taɓa ce mata sannu ba.

"Sau ɗaya," ya ce. "In gani sau ɗaya."

"Ni na daina sanyaya maka," in ji ta. "In ya cinye gulbina, na cinye ƙanwarka."

Babu tulu a armuwar, babu jiƙaƙƙen buhu, ɗakin kamar tanda. Hamidu ya tsaya da yatsa a kan maɓalli, ya kasa dannawa. Sai Mutari ya tashi. Ya buɗe ƙofofin armuwar biyu har suka bugi bango, ya jawo shi daga jikin gini, ya buɗe taga, ya zare sakatar ɗaki ya wangale ƙofa. Maƙwabtan da ke tsakar gida suka miƙo wuya. Ya bar su suka gani.

"Kunna," ya ce.

Inna ta fito cikin shu da salatinta. Wata maƙwabciya ta yi salati a hankali. Mutari, wanda bai taɓa yarda ya kalla ba tun rasuwar, ya tsaya da hannuwa a sake kamar an kira sunansa. Ta yi maganarta, ta yi dariyarta, ta kare baki da mayafi, gulbi yana wucewa a bayanta. Minti uku. Da ya ƙare Hamidu ya ɗora tafinsa a kan murfin na'urar. Ɗumi kaɗan ne, kamar goshin mai lafiya. Iska kawai yake so.

Ya ciro kaset ɗin ya sa a cikin tulu. Alfa ya karɓi alkawari daga bakinta sau uku, cewa ba za ta dawo ba, ita ko wani nata. Sannan ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Jikin Kadi ya miƙe, ya yi rawa, yatsan ya karkaɗa, ta yi atishawa ta zube. Tulun da ke hannun Hamidu ya yi nauyi, ya yi sanyi har cikin ƙashi.

"Ruwa," in ji Kadi, da muryarta.

Tun hasken magariba bai gama mutuwa ba Hamidu ya kai tulun kwarmin dutse. Ya yi sallama. Ya ajiye shi can cikin inuwa, ya juya, bai waiwaya ba, kamar yadda Alfa ya ce. Yana tafiya a kan busasshen yashi yana jin ruwa yana gudu a bayansa.

Jandarma ba su zo ba. Wataƙila babu wanda ya kai magana, wataƙila an kai aka ga ba ta kai ba. Bayan mako ɗaya Mutari da kansa ya kira kafinta ya fasa ramuka goma sha biyu a bayan armuwar, a jere, masu kyau. Manyeto ya zauna cikin iska, sanyi ƙalau, babu abin da za a sa masa.

Kadi ta warke, amma ba ta yi wa Hamidu magana ba. Azumi ya zo ya wuce. Shi ne yanzu ke tashi da asuba ya bi layin pampo, ya ajiye mata bokiti a bakin murhu, ta ɗauka ba ta dube shi ba. Da damina ta sauka gulbi ya dawo ya rufe baƙin dutsen. Hamidu yakan zauna a gaɓa yana ƙoƙarin tuno muryar Inna, sai ya ga kullum tana ƙara nisa. Fuskar tana nan, muryar ce ke zubewa kamar ruwa a tafin hannu.

Wata safiya ya same ta a tsohuwar garkar Inna, ta tsugunna tana dasa 'yan shu. Ya ajiye butar ban ruwa kusa da ita. Kalmar da ya shirya ta Hausa ta maƙale masa, sai ta lakwal ce ta fito.

"Pardon, Kadi."

Ba ta ɗago ba. Ta danna ƙasa a gindin shukar da yatsu biyu, ta ja butar.

"Ɗana," ta ce, "shu ba ya jin Faransanci."

Muryar Inna ce, har da ɗan karyewar nan ta ƙarshe. Hamidu ya zauna a kan kunyar shuka, ya rufe fuskarsa da hannu. Ita kuma ta ci gaba da ban ruwa.